Hauhawar Farashi, Kashi na Ɗaya

Wani Ba'indiye mai suna Subodh Gupta ya tara tukwane da kofuna da ludaya da kulolin abinci na silba, irin waɗanda kowane gida a ƙasarsu ke ci da su, ya sa aka bi su da walda har suka zama ƙoƙon kan mutum mai nauyin kusan tan guda. A Paris aka fara nuna shi a 2006. Wani hamshaƙin attajirin Faransa ya saye, shekara na zagayowa aka girke shi a bakin ruwa a Venice, masu yawon buɗe ido na wucewa a kwale-kwale suna ɗaukarsa hoto. Ba wanda ya kira wa Gupta mai ruƙiyya. Matarsa ma, Bharti Kher, sana'arta ke nan, wannan kuwa ba ƙaramar sa'a ba ce ga magidanci.

In an ce Indiya ta yi nisa, ga na kusa. El Anatsui haifaffen Anyako ne a Ghana, a 1944, amma tun 1975 ya zo Jami'ar Nsukka yana koyarwa har ya yi ritaya. Wajen ƙarshen shekarun 1990 ya tsinci wani buhu da aka yar, cike da murafan kwalaben giya. Ya kai ɗakin aikinsa, daga baya ya soma baje murafan, yana huda su, yana ɗinke su da jar waya ɗaya bayan ɗaya, har suka zama wani irin mayafi mai walƙiya da zai iya rufe fuskar bene. Ya yi aiki da murafan gwangwanin madarar Peak, ya yi da tsofaffin magogan rogo. A 2015 aka ba shi Zakin Zinare a Venice, lambar da ake ba wanda ya ƙarar da rayuwarsa a wannan fage, a 2023 kuma aka sakar masa babban zauren Tate Modern na Landan ya rataye abin da ya ga dama. Akwai ayyukansa da suka haura dala miliyan ɗaya a gwanjo.

Maganar dalar nan ita ta kayar da ni. Ni ma'aikacin gwamnati ne a Kano, cikin waɗanda albashi ke zuwa ya gaishe su a tsaye ya wuce. Ina kwance da dare, an ɗauke wuta, sauro na ta hidimarsa, na ga hotunan nan a waya, na juya dala miliyan ɗaya zuwa naira. Sai ga ni zaune. Kayan aiki shara, jari babu, riba da dala. Na daɗe ina neman sana'a ta biyu, na yi kiwon kaji suka mutu, na buɗe teburin POS yaron ya gudu, ashe arzikin yana cikin sito a gidana, ƙarƙashin tsohuwar katifa.

Ban faɗa da ka ba, sai da na yi bincike. A 1917 Marcel Duchamp, wani Bafaranshe da ke zaune a New York, ya sayi kaskon fitsari irin na bayin maza, ya kwantar da shi, ya sa masa hannu da sunan bogi, R. Mutt, ya aika wurin baje koli. Masu shirya taron suka ƙi nuna shi, na asalin ma ya ɓata, amma a 1999 an sayar da kwafinsa guda fiye da dala miliyan ɗaya da rabi. Ko guduma mutumin nan bai ɗaga ba. A 1942 Picasso ya haɗa sirdin keke da ƙahon keken ya ce kan bijimi ne, kuma in ka dubi hoton, wallahi kan bijimin ne. Abin da na fahimta shi ne sana'ar nan ido take so da baki. Ido ya ga abin da kowa ke wucewa kullum bai lura ba, baki kuma ya zuba bayanin da zai sa mai kuɗi ya ji kunyar cewa bai gane ba. Ido dai ina da tabarau. Baki kuwa, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana rubuta takardar ofis mai shafi huɗu a kan zancen da bai wuce layi biyu ba, ai ba a koya masa.

Sai Allah ya kawo bikin ƙanwar uwargida a Gumel. Ta kwashi 'yan matan suka tafi, ta bar ni da Auta saboda jarrabawa, ta bar mana miya a firiji da dogon gargaɗi a kan tukunyar gas. Ba ta ce komai a kan sito ba. Ni kuwa a aikin gwamnati na koyi cewa abin da ba a hana a rubuce ba, an yarda da shi.

Motarsu na ɗagawa na buɗe sito. Masha Allah! Ga langa uku masu fure, bakinsu duk ya ɓantare. Ga samira mai hannu ɗaya, ga risho da ba a kunna ba tun da muka koma gas, ga dutsen guga na gawayi mai ɗan zakara a ka, ga fitilar ƙwai babu ƙwan, ga turmi tsagagge, ga rariyar da cikinta ya zube, ga murafan tukwane da suka daɗe da rabuwa da tukwanensu. Can a kusurwa ga wata shirgegiyar tukunyar dalma da ban san muna da ita ba. Ga kuma fankar tsaye da ta mutu tun bara. Ita na fara yi wa aiki: na kwance ta, na zauna na warware jar wayar da ke cikin kanta tsaf, tunda da irinta El Anatsui ke ɗinki. Na leƙa kicin na ƙaro ludaya da maburgi da muciya.

Siffar da zan ba aikin ce ta ɗan ci mini lokaci. Ƙoƙon kai irin na Gupta ba zai yiwu ba ga mutumin da katanga ɗaya ta raba shi da liman. Duk abin da ke da ido da hanci, kafin azahar an ce na ajiye gunki. Sai na tsaya a kan hasumiya, ba fuska, ba ƙafa, kuma muna da gadonta tun daga Gobarau ta Katsina. Tun kafin in ɗora kwanon farko na raɗa mata suna: Hauhawar Farashi, Kashi na Ɗaya. Tukwane wofi, suna hawa kan juna, suna yin sama. Baturen da bai zubar da hawaye a gaban wannan ba, to a duba zuciyarsa.

Abin da masu rubutu a intanet ba sa faɗa da wuri shi ne, kwano ba ya zama a kan kwano don kawai kana da hujja. Gupta yana da ma'aikata da injinan walda. El Anatsui yana da samari gommai da ke wuni a zaune suna hudawa suna ɗaurewa. Ni ina da Auta da guduma da igiyar roba ta tsohon tiyub. Duk abin da na ɗora, ina juya baya sai in ji ƙararsa a ƙasa. Na lodi kayan a adaidaita sahu, sai wurin mai walda.

"Alhaji, murhu za a haɗa ko kejin kaji?"

"Hasumiya."

"Ta masallaci?"

"Ta fasaha."

Ya ɗage gilashin fuskarsa ya dube ni, ya dubi yaransa, su kuma suka dubi ƙasa. Sannan ya ɗauki kayan ɗaya-ɗaya yana yi mini karatu. Dalma ba ta kama ƙarfe da irin injinsa, ko zai ƙarar da sandar walda ta duk kasuwa. Langa kuwa siririn ƙarfe ce, wuta na taɓa ta za ta ɓule, kuma abin da nake kira fenti a jikinta ba fenti ba ne, gilas ne aka narka a kai, da ya ji zafi ko duka sai ya tarwatse. Ya iso kan turmi ya yi shiru.

"Wannan kuma, Alhaji, itace ne."

A hankali ya faɗa, cikin tausayi. Amma da yake ba ya son ciniki ya wuce shi, ya kawo dabara. Ya samo tsohon wilin mota, ya kafa masa dogon rodi a tsakiya, ya ce in je in huda kowane kwano a gindi in zira, kamar tsire. Kuɗin da ya karɓa ya isa cefanen mako. Na rubuta shi a littafi, a ƙarƙashin "jari".

Huda langa da ƙusa aiki ne mai ƙara, ɓarɓashin gilas na tashi, fure na zubewa, babban yatsa na karɓar rabonsa. Tukunyar dalma ce kawai ta ba ni haɗin kai, ƙusa ta shige ta salin-alin har na sa mata albarka. Na fara zira ƙananan a ƙasa, manya na bi, tukunyar nan na kai ta can ƙoli, domin in nuna cewa nauyin tsada a kan ƙaramin mutum yake sauka. Wannan tunanin, ko yanzu, ina ganin ya isa a buga shi a mujalla. Na rataye murafai da ludaya da jar waya, na soke muciya da maburgi a sama, na jingine turmi a gindi. Da na ja baya na duba, hasumiyar ta ɗara katangar gidan, ta ɗan karkata wajen gabas. Na tambayi Auta me ya gani. Ya ce, "Abba, Umma ta sani?"

Tunda ta ɗara katanga, duk mai wucewa a layi ya gan ta. Kafin la'asar yara sun cika ƙofar gida. Wasu suka ce eriya ce mai kamo tashoshin ƙwallo kyauta, wasu suka ce maganin ɓarayi ne, wata tsohuwa mai ƙosai ta ce ta taɓa ganin irin wannan a gidan wani boka, ba ta kuma ƙara sayar wa Auta ƙosai da hannun dama ba. Da dare iska ta taso. Murafai suka kama kiɗa, ludaya na amsawa, tukunyar ƙoli na ba da ganga. Cikin barci na ji ana dukan ƙofa, na fito na tarar da 'yan sintiri da gora da tocila, sun ɗauka ɓarayi ke kwashe mana kicin. Na haska musu aikin, na faɗa musu sunansa. Babbansu ya daɗe yana kallo, ya ce Allah ya sawwaƙe, suka tafi.

Bayan sallar asuba liman ya riƙe hannuna, bai sake ba har masallaci ya watse.

"Malam, lafiya dai ko? Iyali lafiya? Wurin aiki fa?"

"Lafiya ƙalau, Allah gafarta malam."

"To madalla. In dai akwai abin da ke damun bawa, addu'a ta fi rataye-rataye."

Na ga dama ta samu ta wayar da kai. Na ɗauko masa tarihi daga Duchamp, ina isowa kan kaskon fitsari na ga yadda fuskarsa ta yi, na yi maza na tsallaka kan Picasso. Da na ce kan bijimi, ya ƙara damƙe hannuna.

"Na yanka ne?"

Hantsi bai yi ba sai ga Yaya, babban wanmu, tare da wani bawan Allah mai ɗauke da jarkar ruwa da kwalbar man zaitun. Yaya bai ko zauna ba, ya ce in ba da haɗin kai, ba abin kunya ba ne, yana faruwa ga masu yawan karatu. Na ce lafiyata ƙalau. Mai jarkar ya gyaɗa kai ya ce duk haka suke cewa. Ashe kuma kafin su taho Yaya ya riga ya buga waya Gumel.

Ba a ko kai amarya ba uwargida ta dawo, tare da Hajiya mahaifiyarta. Na so a ce ta yi ihu, don ihu yana ƙarewa. Ta ajiye jakarta, ta cire mayafi ta ninke, ta tsaya a gaban hasumiya ta bi ta da ido daga ƙasa har sama.

"Malam, mene ne wannan?"

Na gyara murya. Na ce wani reshe ne na fasahar zamani, ana yin sa da kayan tsintuwa, abubuwan da suka gama amfani.

"A sitona ka tsince su? To ka yi cigiya?"

Daga nan ta shiga ƙirga. Langar nan uku na kakarta ne, suka zo hannun Hajiya, suka zo nata, kuma babbar 'yarmu take ajiye wa. Risho yana jiran ranar da gas zai ƙare a tsakiyar tuwo, ko ranar da kuɗinsa zai fi ƙarfinmu, kuma duk biyun sun sha faruwa ina ofis. Dutsen guga, da me nake zaton ake goge mini kaftanin Juma'a in babu wuta? Turmi tsagagge, a kansa take zama in tana tuƙi. Rariya, mai gyara na zagayowa ya sa mata sabuwar raga. Murafan da na ce ba su da tukwane, da su ake rufe abincin almajirai da na maƙwabta. Fanka ba ta mutu ba, kafasita ce kawai, mai gyara ya ce a kawo, kuɗin bai kai na katin waya ba, ni ne na yi ta cewa sai ƙarshen wata.

Ta ɗaga kai ta dubi ƙoli, ta ga hasken rana na fitowa ta gindin tukunya.

"Wannan kuwa ba tamu ba ce. Ta matan adashinmu ce, karo-karo muka yi muka saya, hayarta ake bayarwa. Ranar Asabar akwai suna a bayan layi, an riga an biya."

A nan ne na gano inda ƙasar nan ke tauye mai fasaha. Kafin a yi fasahar shara sai an sami shara, mu kuwa a gidajenmu abu ba ya mutuwa, sauya aiki yake yi. Gwangwanin madara ya zama aci-balbal ko ma'aunin gishiri ko motar yara, tsohuwar taya ta zama takalmi da guga, gwangwanin lemo ya tafi wurin maƙera a narke shi ya dawo tukunya. Wanda ya taɓa shiga Panteka a Kaduna, ko Katako a Yamai, ko Ƙofar Ruwa a nan Kano, ya san ba abin da ke kwana a bola in yana da nauyi. Romuald Hazoumè na Jamhuriyar Benin ya yi suna da fuskokin da yake yankowa daga jarkokin da ake fasa-ƙwaurin fetur da su daga Najeriya, har ya jera 304 a siffar jirgin bayi, aka nuna a babban gidan tarihi na Birtaniya a 2007. Da a unguwarmu yake, kafin ya yanka ta farko mai ruwa ya zo ya ce tasa ce. Na yi niyyar faɗa wa uwargida wannan, amma ba fuskar muhawara ta zo da ita ba.

Duk wannan abin Hajiya surukata ba ta ce uffan ba. Tun da na auri 'yarta ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, ba ta ma taɓa kama sunana ba. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa tana kallon wani wuri, sannan ta zagaya hasumiyar a hankali, carbi a hannu. Ta yafito Auta.

"Kai maigida, zo nan. Wa ya yi wannan jeren?"

"Abba ne, Hajiya."

"To ka gaya wa wanda ya yi, ba a ɗora babba a kan ƙarami. Daro a ƙasa, sai fanteka, sai samira, sai langa, 'yar tasa ce ke rufe sama. Ba a kuma haɗa mai jan fure da mai shuɗi a layi ɗaya, ido gajiya yake yi. Murfi a kan kwanonsa yake zama, ba a rataye shi yana reto. Ka gaya masa mu da muka yi jere har rufin ɗaki, ba mu taɓa huda kwano ba, kuma bai taɓa faɗowa ba."

Auta ya juyo. "Abba, wai an ce..."

"Na ji."

Aka kawo mata tabarma, ta zauna ta ci gaba da ba jikanta labari, da muryar da za ta isa inda nake tsugune. Zamanin Gowon aka yi nata jeren. Kakarta da ƙore aka yi mata, fararen ƙore masu zane, an jera an rataye. Masu hali suka zo suna sa tasoshin tagulla na Nufawa. Sannan langa ta shigo, tun ana kawo ta daga ƙasashen waje har aka soma yin ta a nan gida, ita ce kuwa ta cinye kasuwa, kafin kabad da kuloli da faranti masu fashewa su ture ta. Ta ce ba kowace mace ke jere ba, akwai gwanaye da ake aikawa takanas a ɗauko daga wata unguwa, su kwana suna ɗorawa suna saukewa har sai ya zauna daidai. Kwanukan nan ba a ci a cikinsu, ba a dafa komai, gogewa kawai ake yi. Gari na wayewa mata su yi ta shigowa ganin ɗaki, suna ƙirgawa da ido, su fita suna sharhi, wane jere ya yi, wane bai yi ba, kuma hukuncinsu yakan bi amarya shekaru. In rana ta ɓaci, a zare kwano ɗaya a kai kasuwa.

Ina tsugune ina lissafi. An ɗauki kayan girki, an raba su da aikinsu, an jera don kallo, ga gwanaye, ga 'yan kallo, ga masu sharhi marasa tausayi, ga daraja da ake iya mayarwa kuɗi. Duk abin da na kwana ina karantawa a waya ke nan, sai dai babu dogon Turanci. Sai Song Dong ya faɗo mini a rai, wani ɗan ƙasar Sin da mahaifiyarsa ta yi shekara hamsin ba ta yar da komai, daga tsohon takalmi har matsattsen bututun man goge baki. A 2005 suka fito da kayan, fiye da dubu goma, suka baje a Beijing, a 2009 aka kai su New York, kuma tun farko uwar da kanta ta riƙa zaunar da kowane abu a inda ya dace. Nan take na hango mu ni da Hajiya a filin jirgi, ita jere, ni bayani, dala a raba biyu. Na ɗaga kai zan kawo shawarar, na haɗa ido da uwargida, na haɗiye.

Ta bakin Auta aka yanke hukunci. Abin da bai hudu ba ya koma sito. Langa uku, ko da huda, na kaka ne, a naɗe su a zane a ajiye. Sauran a kira mai gwangwan, abin da aka samu a zuba a kuɗin tukunyar adashi, cikon kuma wanda ya yi jeren ya san inda zai samo kafin Asabar.

Washegari da hantsi mai gwangwan ya turo kurarsa, saurayi ne da bai fi ashirin da 'yan kai ba. Sai na faɗi gaskiya, duk cikin mutanen da suka ga aikin nan shi kaɗai ya dube shi da natsuwa. Ya zagaya, ya ƙwanƙwasa, ya kasa kunne. Ya zaro mayen ƙarfe na tsohuwar sifika ya riƙa manna wa kowane kwano, wanda ya kama gefe guda, wanda bai kama ba gefe guda. Ya zo kan wayar ya tsaya, ya ja ta tsakanin yatsunsa.

"Baba, wa ya warware wannan? Hannu ne mai kyau, ko tsinkewa ba ta yi ba."

Yabo na farko ke nan da na samu a rayuwata ta fasaha, har na ji idona ya yi zafi. Ya rataye sikeli. Jar waya ta fi kowa tsada a kilo, sai dalma, ƙarfe ne kashin baya. Muciya da maburgi ya mayar wa uwargida, ya ce itace ba sa saye. Wili da rodin mai walda su suka fi nauyi, ya saye su a kuɗin da bai kai rabin rabin abin da na biya ba. Da ya faɗi jimla na ce haba, ya ƙara wani abu mana saboda ma'anar aikin. Ya miƙo mini sikeli ya ce in ɗora ta.

Ba ni ne farau ba, wannan shi ke kwantar mini da hankali. A 2001 mai shara a wani ɗakin baje koli a Landan ya tarar da kwalabe da kofuna da tokar sigari da Damien Hirst ya jera, ya kwashe ya zuba a leda. A 2004 a Tate Britain aka yar da buhun shara da ke cikin aikin Gustav Metzger, saboda ya yi kama da buhun shara. A 2011 a Dortmund ta Jamus wata mai goge-goge ta ga tabo a cikin wani baho na aikin Martin Kippenberger, aikin da aka yi wa inshorar yuro dubu 800, ta dirje shi tas, alhali tabon da gangan aka yi shi. A can jaridu ne suka ɗauka, aka yi ta jimamin abin da fasaha ta rasa. A nan ni aka miƙa wa takardar sayayya, a samanta an rubuta tukunya, a ƙasanta fanka sabuwa. Tun daga ranar sito a kulle yake, makulli a haɓar zanen uwargida, liman kuma in ya gaishe ni sai ya ƙara da "ya ƙarfin jiki?"

Shekaranjiya ina dawowa daga ofis na haɗu da mai gwangwan a bakin layi. Ya tsayar da kura, ya russuna.

"Baba, ina da kura guda ba mai tura ta. Unguwannin manya ba sa buɗe mana ƙofa, amma kai da tabarau da kaftani za su buɗe. Ga shi ka iya warware waya. Duk abin da ka taro, a raba."

Na ce masa ya san da wa yake magana, ni mai fasaha ne, ba ɗan jari-bola ba. Ya ce Allah ya huci zuciyata, ai shi ma bai ce komai ba, sannan ya faɗi abin da yaransa ke tashi da shi a rana in kasuwa ta yi kyau. Na gyara tabarau, na duba gabas da yamma ko liman na kusa, na tambaye shi ko ana fita ranar Asabar da Lahadi.